Kafin ka sayi sabon batir, saurari motarka

Da sanyin hunturu ya sauka a Damagaram, kowace safiya sai ka ga ana tura motoci a Birni da Zango. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke rugawa sayen batir, alhali sau da yawa ba shi ne mai laifi ba.

Maigidana da ya koya mini gyara kullum cewa yake: "Yaro, fara da kunne." Murɗa makulli ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas kawai, injin bai juya ba, duba kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Na sha kwance su, in goge da burushin ƙarfe har dalma ta yi haske, in ɗaure tam, mota ta tashi nan take. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 in injin na kashe. Zafin watan Afrilu ne ke cinye shi a ɓoye, sanyi ya zo ya tona asiri.

In kuwa injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa, to mai ne, ko wuta, ko iska. Buɗe kontak, ka kasa kunne wajen tanki: ya kamata famfon mai ya yi ɗan gurnani. Esansin kwalba na bakin hanya yakan zo da datti ya toshe matatar mai, ƙurarmu kuma ta shaƙe ta iska. Ciro buji, wato abin da ke ba injin tartsatsin wuta, ka gani, in ya yi baƙi ko ya jiƙe.

Masu motar gazuwal, don Allah ku jira fitilar ɗumama injin ta mutu tukuna kafin ku tada mota.