Wasiƙa daga Landan: abin da muke ɗigawa a idon mai Afolo

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kuma hunturu? Mu nan Landan sanyi ya sa mu a gaba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa.

Makonni uku da suka wuce autana, ɗan shekara huɗu, ya tashi da asuba yana kuka wai idonsa ya ƙi buɗuwa. Kwantsa ta bushe ta liƙe gashin idon gam. Da na jiƙa na buɗe sai na ga farin idon ya yi jawur kamar garwashi, hawaye na zuba, ga majina. A makarantar renon yara ya kwaso. Kafin in yi komai sai na kira Hajiyarmu a Kano ta bidiyo. Tana ganinsa ta ce, "Afolo ne, 'yar nan. Kada ki bari yayyensa su kalle shi cikin ido. Ki jiƙa sukari ki ɗiga masa safe da yamma." Na ce, "To Hajiya, Allah ya ƙara girma," na sa masa rigar sanyi muka nufi kemis.

Mai kemis ɗin ba ta miƙo komai ba sai tambayoyi. Yana jin zafi a cikin idon, ko ƙaiƙayi ne kawai? Haske yana damunsa? Yana gani sosai? Akwai jariri a gidan? Da ta gama sai ta ce da alama irin na mura ne, zai tafi da kansa. In tafasa ruwa, in bar shi ya huce, in riƙa goge idon da auduga, kowane ido da tasa audugar, in jefar. In ware masa tawul da rigar filo. Shi ke nan. Wallahi raina ya ɓaci. A gida wa zai shiga kemis da jan ido ya fito hannu rabbana?

A kwana na takwas idon ya washe tas, ba a ɗiga masa komai ba. Babu kuma wanda ya kamu a gidan, alhali yayyen nasa kullum suna zaune suna kallon juna.

Sunan nan Afolo yana da tarihi. A shekarar 1969 wata annobar ciwon ido ta ɓarke a Accra ta ƙasar Ghana, ta bi gaɓar teku har Legas, ta bazu a duniya. A shekarar ce kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai su Neil Armstrong duniyar wata, ranar 20 ga Yuli, sai mutane suka ce ai ƙurar can ce aka kwaso mana. Abin dariyar, ciwon ya fara ɓulla tun watan Yuni, kumbon bai ma tashi ba. Daga baya masana suka gano ƙwayar bairos ce, suka raɗa mata enterovirus 70. Ita ce mai sa jini ya kwanta a farin ido, fatar ido ta kumbura, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Kwana ɗaya ko biyu da ɗaukarta ta bayyana, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta wuce. Yau duk jan ido Afolo muke ce masa, kuma nan matsalar take, don ba iri ɗaya ba ne.

Mai zubar da ruwa-ruwa, wanda yakan zo da mura ya fara a ido ɗaya ya tsallaka ɗayan, yawanci na bairos ne, kuma maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai. Mai fitar da mugunya mai kauri, rawaya ko kore-kore, ka goge ta sake taruwa, wannan ya fi kama da na bakteriya, shi ake ba wa maganin ɗigawa irin chloramphenicol idan ma'aikacin lafiya ya duba ya ga ya dace. Akwai kuma na ƙaiƙayi zalla, ido biyu lokaci guda, da atishawa, wanda ƙura da hazon hunturu ke tayarwa. Wannan ba ya yaɗuwa ko kaɗan, amma mun sha korar yaro daga aji saboda shi.

Maganar kallo kuwa, ku yi haƙuri, ba ta da tushe. Hannu ne ke ɗaukar ciwon. Mai shi ya murza ido, ya kama marfin buta, ya murɗa ƙofa, ya ba ka hannu bayan sallah, kai ma ka sosa naka idon. Tawul guda da gida duka ke goge fuska da shi, filon da yara uku ke kwana a kai, tandun kwallin da ke zagaya mata a gidan biki, su ne hanyar. Baƙin gilashin da muke sawa yana rage wa mai ciwon zafin rana, yana kuma hana shi yawan kai hannu, amma ba ya kare na kusa da shi. Sabulu ne ke karewa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wasiƙar nan shi ne abubuwan da muke zubawa a ido. Muna yara a unguwarmu na ga an ɗiga ruwan sukari, ruwan albasa, lemun tsami, nonon mai jego, fitsari, har ruwan batir. Akwai wani maƙwabcinmu tela, an ce masa fitsarin safe ne maganin, ya yi kwana uku yana wanke ido da shi. Idon ya kumbura ya cika da mugunya, da ya lafa sai ga farin tabo a tsakiyar baƙin idon. Har ya bar ɗinki ba ya iya zura zare a allura. Fitsarin mai ciwon sanyi, wanda ake ɗauka ta hanyar jima'i, yana ɗauke da ƙwayar da ke iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Ruwan batir kuwa ƙuna ce kai tsaye. Sukari bai kai su ɓarna ba, amma ruwan da aka jiƙa shi da kofin da hannun duk ba tsarkakakku ba ne ga idon da ya riga ya yi rauni. Kuma da yake ciwon mai warkewa ne da kansa, duk abin da aka ɗiga shi ke kwashe yabon. Hajiya har gobe tana cewa sukari ne ya warkar da mu.

Na kemis ma ba duka ne lafiya ba. Akwai masu sinadarin sitiroyid, ku duba jikin kwalin, za ku ga dexamethasone ko betamethasone. Ana ɗigawa jan ya gudu, shi ya sa ake son su. Amma in akwai gyambo a baƙin ido suna ƙara rura shi, in aka daɗe ana amfani da su kuma suna kawo hawan jinin ido da yanar ido. A nan Landan sai da takardar likita ake sayar da su. Kwalbar da aka buɗe ta wuce mako huɗu a jefar da ita, kada kuma a ara wa maƙwabci, bakinta ya riga ya taɓa idon wani.

Ba ina cewa a zauna a gida ko me ya faru ba. Idan cikin idon yana ciwo sosai, ko gani ya dushe, ko mutum ba ya iya kallon haske, ko an ga farin ɗigo a baƙin ido, ko mugunyar tana kwarara, a tafi asibitin ido a ranar. Kaduna akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah. Jariri kuma da bai cika kwana 28 ba, in idonsa ya yi ja ko yana fitar da mugunya, ba a jiran a yi suna, ba a matsa masa nono a ciki. Sau da yawa wajen haihuwa ya ɗauko, kuma irin wannan yana makantarwa da sauri. A duba shi, a duba uwar da uban.

Jiya na sake kiran Hajiya na nuna mata idon autan. Ta ce, "Kin gani ko? Ai na faɗa miki sukari." Ban iya ce mata ban sa ba. Na dai roƙe ta ta ware wa kowane jika tawul ɗinsa, ta ce to, in na aiko da kuɗin tawul ɗin.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

'Yar uwarku a Landan