Faɗin inci kaɗai ba ya isa wajen sayen bututu

A makon jiya ƙanena, wanda ke koyon walda a ƙauyenmu da ke kusa da Kura, ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa sayo bututun injin turara shinkafa. Da ya ce yana son mai inci 2, sai mai shagon ya tambaye shi: "Wace lamba, 40 ko 80?" Ya dawo gida hannu wofi, ya ce da ni: "Yaya, ashe bututu ma yana da lamba?" Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron yana da hannu, sunayen kayan ne kawai ba a koya masa ba.

Lambar nan, wadda masu sana'ar ke kira shedul, kaurin jikin ƙarfen take nunawa. Bututun inci 2, ko mai lamba 40 ne ko 80, faɗinsa daga waje milimita 60.3 ne, amma na 80 ya fi kauri, raminsa ya fi ƙunci, don haka ya fi jure matsi. Wanda bai san wannan ba zai iya ɗora siriri inda tururi mai ƙarfi ke bi, kuma tururi ba ruwan fadama ba ne.

Sauran sunayen ba su da wuya. Elbo gwiwa ce da ke karkatar da hanya, mai digiri 90 ko 45. Ti yana raba ta biyu. Ridusa tana haɗa babba da ƙarami. Bawul kuwa, mai buɗe hanya ko rufe ta, kowane mai noman rani ya san shi. Filanji faifai ne mai ramukan noti, ana matse gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, a tsakanin guda biyu, a kwance su idan gyara ya taso.

Inda na fi so ya kula shi ne rubutun jikin sandar walda. A E6013, 60 na nufin ɗinkin zai jure jan nauyin fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, 1 kuma na nufin ana iya aiki da ita a kwance, a tsaye ko sama da kai. Ita muka saba gani a waldar ƙofa da taga. E7018 ta fi ta ƙarfi, sai dai ba ta son raɓa, domin idan ta sha danshi ɗinkin yakan yi ƙananan ramuka ko ya tsage. Na faɗa masa kada ya sake ajiye ta a ƙasan rumfa da damina.