Asabar a Mokoyo, da hotuna biyu

Yau da hantsi maƙwabcina ya kai ni gidan kakansa a unguwar Mokoyo da ke Maraɗi, in duba masu tsofaffin hotuna biyu da aka ciro daga ƙasan adaka. Tsohon ya haura shekara 85, ya yi soja zamanin Faransa. Ido ya yi rauni, amma kai garau.

Jikokin sun riga sun sa hoton farko a Facebook, sun rubuta wai yaƙin Hitila ne, ba su ko tambayi mai shi ba. Bindigar da ke hannunsa ta isa shaida. Gidan harsashi ya leƙo ƙasa, irin mai cin 10 da ake cirewa, bakinta dogon ƙarfe ne tsirara mai zobba na harba gurneti, ga wani farin maɗauki a gefen dama. MAS 49/56 ce, ƙirar garin Saint-Étienne na Faransa, ba ta shiga hannun soja ba sai bayan 1956. Ke nan hoton na yaƙin Aljeriya ne, wanda aka yi daga 1954 zuwa 1962. Baba ya ce haka ne, can aka ɗauke shi.

Amma wadda ya fi tunawa ita ce MAS 36, da ita aka horar da su. Ganewarta ba wuya: gajera ce, mita ɗaya da ɗan kai, kilo 3.7, katakonta kashi biyu da ƙarfe a tsakani, hannun sakatarta kuma ya karkata gaba, abin da ba kasafai ake gani a wata bindiga ba. Harsashi 5 take ci, mai milimita 7.5. Ba ta da makullin hana tashi ko kaɗan. Shi ya sa ba a hawar da harsashi sai an zo harbi. Wanda ya manta, kunama ta maƙale a reshe ko a ɗamara, sai dai a ji ƙara.

Da aka zo maganar banati, sai ya ɗauki sandarsa ya nuna. Banatin siriri ne kamar tsinke, mai gefe huɗu, yana kwance cikin bututu a ƙarƙashin bakin bindiga. A danna, a zaro, a juya, a mayar. Yatsunsa sun yi abin ba gargada, bayan shekara sittin da ɗoriya. Ya ce in aka yi wasa aka soka banati ɗaya tsakanin bindiga biyu baki da baki, sai su kulle, ba mai raba su sai maƙerin bariki. Ya kuma yi ta nanata maganar mai: in ya yi yawa a sakata, rairayi ya manne ya zama kamar ƙullu, ta cije. Tsumma mai ɗan maiƙo ya wadatar.

Hoto na biyu na mahaifinsa ne, ya dushe ƙwarai. Bindigar doguwa, kusan mita 1.30, don haka ko Lebel ta 1886 ce ko Berthier. Nan katako ake dubawa. Na Lebel biyu ne, gabanta da kauri saboda harsashi 8 da ke jere cikin bututu. Na Berthier guda ne tun daga gindi, siriri. Wannan guda ne, cikinta kuma a shafe, wato Berthier mai cin 3 ce, ba ta 1916 mai cin 5 ba. Na ja kunnen jikokin kada su yanke shekara da wannan, don tsohuwar bindiga takan daɗe a hannun sojan mulkin mallaka bayan an daina ƙera ta.

Kafin azahar na sa ɗaya daga cikin jikokin ya rubuta sunan kowace bindiga da fensir a bayan hotonta, don bairo yana huda takarda. Baba ya ce a ƙara da sunan mahaifinsa da garinsu.