Na canja wa motar Baba famfon ruwa

Kwana uku ina ganin ɗigon ruwa a ƙarƙashin motar da marigayi Baba ya bari, ga boris, wato abin da famfon ke juyawa a kansa, yana ta kuka. Da na leƙa, ashe ta 'yar hudar ƙasan famfon yake zuba.

Yau bayan asuba, injin na da sanyi, ni da ƙanena muka tsiyaye lagireto, muka cire fanbel, muka kwance notuna. Abin da ya ci mana lokaci shi ne kankare tsohon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin famfo da inji don hana yoyo, domin in ka bar ɓurɓushi yoyo zai dawo. Ina kankarewa na tuna yadda Baba ke shafa wurin da yatsa kafin ya ɗaura sabo. Haka na yi.

Bayan mun ɗaura sabon famfo mun cika lagireto da ruwa, muka tayar da motar, allurar zafi ta tsaya a tsakiya, ƙasa a bushe. Alhamdulillahi. Allah Ya jiƙan Baba.