Amalanken Mahaifinta

A ajin da nake koyarwa a nan Maraɗi akwai yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, domin Faransanci yana yi mata nauyi a baki, yara kuwa ba su yafe kuskure. Ranar Laraba na karanta musu littafin tatsuniya na Hausa mai hotuna, sannan na ce kowa ya zana abin da ya sani. Ita sai ta zana amalanken mahaifinta ɗauke da buhunan gero a hanyar Tibiri, har da tsagaggen kunnen jakin. Da na liƙa zanen a bango, ta miƙe ta yi bayaninsa da murya sarai, ƴan ajin suna ta tambayarta sunan jakin.