Godiya ga duk wanda ya tako walimar jiya

Jama'a wallahi ban ma san ta ina zan fara ba. Alhamdulillah an yi walimar gama digirina na uku lafiya an watse lafiya, 'yan uwa na nan Katsina, mutanen Daura da suka yo sammako, abokan makaranta da rabona da su an fi shekara goma, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci.

Godiya ta musamman sai Inna. Akwai lokacin da na'urar lesa, mai harba siririn haske mai ƙarfi, ta ɗakin bincikenmu a Jamus ta lalace wata da watanni, ga sanyi ga kuɗin tallafi na neman ƙarewa, na kira ta ina cewa ni fa gida zan dawo, ta ce "ka dawo ka ce mani me?" ta kashe waya. Inna Allah ya ƙara girma.

Sai Kawu da ya tsare ni jiya gaban mutane wai in faɗa mashi abin da na kwashe shekaru ina yi. To Kawu ka san in ka jefa dutse a kududdufi ruwa na yin zobe-zobe yana tafiya, haka lantarkin da ke fuskar zinariya yake in an haska mashi lesa, 'yan ilektron ɗin, wato ƙananan ƙwayoyin lantarkin, su ɗauki kaɗawa tare, igiyar ta bi saman ƙarfen da gudu kusan na haske. Masanin kimiyya Rufus Ritchie ya yi hasashenta tun 1957, mu hotonta muke ɗauka. Matsalar sauri ne, ana auna abin da femtosakan, wato a raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan sau biliyan, a cikinsa haske kanshi bai cin tazarar da ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin silin gashi. Sai mu harba walƙiyar lesa biyu, ta farko ta tada igiyar, ta biyun ta biyo ta fizgo ilektron waje madubin ƙara girma ya kama su, mu ɗan matsa wani madubi don canza tazarar lokaci tsakanin walƙiyoyin mu sake, mu sake, har hotunan su haɗu kamar fim. Ahmed Zewail ɗan Masar da irin wannan walƙiyar ya ci kyautar Nobel a 1999, shi kan sinadarai ya yi.

Kawu dai ya ce shi zinariyar kawai ya gane, wai ina nashi kason. Sirara ce Kawu, ko ɗan kunne ba za ta yi ba.

Yaya da matan gida da suka kwana kan waina da zoɓo, sannunku da aiki. Af, wanda ya manta kula shuɗiya a zaure, tana wajen Inna.