Ranar da rada take kashe

Ƙarshen watan nan zan bar tashar hasashen yanayi, abokan aiki kuma sun matsa sai na rubuta wa sabbin shiga wani abu.

Kun san hadarin damina a wajenmu daga gabas yake tasowa, ya jeru layi guda, iska a gaba, ruwa a baya, gudunsa kan kai kilomita 50 a awa. Tauraron ɗan'adam saman gajimare kawai yake gani. Rada ce ke leƙa cikinsa: ta harba sigina, ɗigon ruwa ya maido mata, ta nuna maka inda ruwan ya yi nauyi da saurin iskar. In tana aiki, kana da awa biyu ko uku na gargaɗin jama'a.

Ranar da iska ta yi wa gari ɓarna, rada a kashe take. Babu wuta, janareta babu gas, takardar neman mai kuwa ta daɗe a kan teburin oga, kullum sai ya ce a dakata. Bayan la'asar gabas ta haɗe, kafin magariba kwanon makarantar da ke bayanmu yana kan titi. Washegari na tarar da takardar tuhuma, wai me ya hana ni fitar da gargaɗi. Oga ya sa mata hannu da jan biron nan nasa, ta man tana nan a ƙasan fayil ba a taɓa ta ba. Littafin rajista ne ya cece ni, don na rubuta lokacin da injin ya mutu da dalili. Duk da haka ƙarin girman shekarar ya wuce ni, kuma har yau bai ce mini in yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah.

Saboda haka duk abin da kuka nema, ku nema a rubuce, ku ajiye kwafi a gida.

Sauran gajeru ne. Farkon damina rada kan nuna ruwa alhali iska mai zafi ta shanye shi kafin ya taɓa ƙasa, sai ku tambayi masu ma'aunin ruwa. Hadarin da ke nesa, samansa siginar ke bi, tunda duniya a lanƙwashe take. Ku kuma nemi binciken da shirin nazarin daminar Afirka ta Yamma, mai suna AMMA, ya yi da rada a filin jirgin Yamai a 2006, don irin hadarinmu suka auna.